Daga Gwangwanin Madara Zuwa Sikeli: Yadda Na Ceto Kek ɗin Mahaifiyata



Saura wata biyu a ɗaura auren 'yata ta fari, na tsaya a ɗakin girkina da ke Manchesta ina kallon wani kek da ya kumbura, ya tsage, sannan ya rufta a tsakiya. Gefensa ya ƙone, cikinsa kuwa ɗanye sharaf. Na zauna na yi kuka, domin a ranar na tabbatar cewa kek ɗin da mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta riƙa yi wa kowace amarya a danginmu na Zariya, ni ban iya shi ba, ita kuma ba ta nan balle in tambaye ta. Abin da ta bar mini bai wuce wata 'yar takarda da na rubuta tun ina budurwa ba: fulawa gwangwani 5, sukari gwangwani 3, bota leda 2, ƙwai 12, bekin foda, gyaɗar ƙamshi. Babu bayanin kwaɓi, babu bayanin wuta, babu tsawon lokaci.

Na san da yawa daga cikinmu na riƙe da irin wannan takarda, wasu ma ko ita ba su da, sai ɗanɗanon da ya rage musu a harshe. Saboda haka na ga ya dace in rubuta wannan darasi kan yadda ake neman girkin gida daga wurin manya, da yadda ake mai da shi awo tabbatacce wanda zai yi aiki da fulawa da wutar ƙasar da muke zaune.

Kayan garar da muka gada

Duk wadda ta tashi a ƙasar Hausa ta san cewa gara ba ta cika sai da kayan zaƙi. Akwai alkaki, wanda ake yi da ɓarzajjiyar alkama, a bar kwaɓin ya yi tsami, a soya, a tsoma a ruwan sukari ko zuma. Akwai nakiya ta garin shinkafa da man shanu da kayan yaji. Akwai dubulan, akwai cincin, akwai gireba. Wasu daga cikin sunayen nan da kansu suna nuna hanyar da suka biyo: alkaki daga kalmar Larabci ta ka'ak ya samo suna, gireba kuma 'yar uwa ce ga guraiba da ake yi a Masar da Sudan da Sham da ƙasashen Magrib. Ba abin mamaki ba ne, tun da fataken Arewacin Afirka sun daɗe suna zaune a Kano suna ciniki da auratayya.

Kek shi ne autan waɗannan, domin ta hannun Turawa ya iso mu. Amma iyayenmu mata sun karɓe shi, sun auna shi da gwangwani, sun gasa shi a tukunya, har ya zama ɗan gida. Asalinsa wani kek ne na Ingila da ake yi da awo ɗaya na abu huɗu: fam guda na fulawa, fam guda na bota, fam guda na sukari, fam guda na ƙwai, fam ɗin kuwa kusan giram 454 ne. Yana cikin littafin girki da Hannah Glasse ta wallafa a 1747. 'Yan uwanmu na Nijar da Kamaru da Chadi sun san shi ta wajen Faransawa, waɗanda ke kiransa da sunan da ke nufin kwata huɗu. A wancan zamani duka da hannu kaɗai ke sa irin wannan kek ya tashi. Sai a 1843 Alfred Bird ya haɗa bekin foda a Birmingham, sannan a 1845 Henry Jones na Biristol ya fito da fulawa mai tashi da kanta. Sanin wannan tarihi ya amfane ni daga baya, domin shi ya nuna mini cewa 'yar takardar mahaifiyata a kan ƙa'ida take, ni ce ban fahimce ta ba.

Kurakurai huɗu da na tafka

Kuskuren farko, awo. Da mahaifiyata ta ce gwangwani, ƙaramin gwangwanin madarar ruwa take nufi, wanda kowace mace a gida ta sani. Ni kuwa na ɗauko kofin shayi na nan, wanda ya kusa ninka shi. Kofin awo na Amurka ma kusan mililita 240 yake ɗauka, ya fi gwangwaninmu girma nesa ba kusa ba. Haka mudu yake: na wannan kasuwa daban, na waccan daban. Duk girkin da aka ba ki da gwangwani ko mudu ko kofi, tambayar farko ita ce: wane gwangwani?

Na biyu, ƙwai. Mahaifiyata da ƙwan kajin gida take yi, ƙanana. A Ingila ƙwai matsakaici yana tsakanin giram 53 zuwa 63, babba kuma 63 zuwa 73. Na fasa manya guda 12, kwaɓin ya cika ruwa.

Na uku, fulawa. Na sayi mai tashi da kanta, wadda tun daga masana'anta an riga an gauraya ta da bekin foda, na kuma ƙara wata a kai. Bekin foda idan ta haɗu da danshi da zafi tana fitar da iska mai kumbura kwaɓi. Idan ta yi yawa, kek yakan tashi da gaggawa kafin jikinsa ya ƙanƙame, sai ya rufta. Akwai kuma fulawar burodi mai ƙarfi, wadda ke sa kek tauri da danƙo. Wadda ake buƙata ita ce fulawa zalla, marar haɗi.

Na huɗu, wuta. Mahaifiyata a tukunya take gashi. Takan zuba yashi mai tsabta a gindin babbar tukunya, ta ɗora a kan garwashi har ya yi zafi, ta jera gwangwanayen kek a kai, ta rufe, ta zuba ɗan garwashi a kan murfin. Yashi yana ɗaukar zafi a hankali, yana kuma sakinsa a hankali, don haka wutarta mai taushi ce. Ni kuwa na kunna oben mai fanka a digiri 180, alhali fanka tana ƙara wa wuta kaifi, shi ya sa ake rage digiri 20 daga abin da aka faɗa idan da ita za a yi gashi. Waje ya ƙone tun ciki bai san ana yi ba.

Zama da Inna

Mahaifiyata tana da ƙanwa guda da ta rage, wadda muke kira Inna, ta haura shekara saba'in. Na kira ta ta bidiyo a WhatsApp, bayan mun gaisa na ce, “Inna, kek ɗin Hajiya nake son ki koya mini.” Ta yi dariya ta ce, “'Yar nan, sai yanzu? Ai ba wuya. Ki buga bota da sukari har ya yi, ki sa ƙwai, ki zuba fulawa daidai, ki gasa.” Na ce, “Inna, har ya yi yaya?” Ta ce, “Ke ma idan ya yi za ki gani.”

A nan na gane cewa ilimin manyanmu a hannu da ido yake zaune, baki ba ya iya fitar da shi duka. Ba rowa suke yi ba, abin ne ya zame musu jiki har ba su san akwai abin bayani a ciki ba. Gani ya kori ji, don haka na sauya dabara. Na aika wa wata jikarta kuɗi ta sayi ƙaramin sikelin girki da kayan haɗi, na roƙi Inna ta yi kek ɗin a gabanmu, yarinyar na riƙe da waya. Ga matakan da na bi, su nake ba kowa shawara ya bi, ko alkaki yake nema ko nakiya.

Da farko, a roƙi tsohuwa ta yi girkin da hannunta, kada a tsaya ga labari. Na biyu, duk abin da ta ɗebo, a ɗora shi a sikeli kafin ya shiga kwano. Da muka auna gwangwanin Inna, cike ba tare da tozo ba, ya ba mu kusan giram 100 na fulawa da kusan giram 140 na sukari. Ledar bota guda giram 250 ce. Ƙwanta 12, bayan an fasa, sun tashi kusan giram 500. Da na tara lissafin sai ga fulawa 500, bota 500, ƙwai 500, sukari 420. Ashe kek ɗin kwata huɗu ne, sai dai mahaifiyata ta ɗan rage masa zaƙi.

Na uku, a tambayi alamu. A duk inda ta ce “ya yi”, a dakatar da ita, a matso da waya, a duba launi da kauri, a rubuta. Daga nan na koyi cewa bota da sukari sun bugu ne idan sun tashi daga ruwan ɗorawa sun koma kusan fari, kuma idan aka murza a tsakanin yatsu ba a jin tsakuwar sukari sosai. Na huɗu, a kula da abin da take yi ba tare da ta faɗa ba. Inna takan tankaɗe fulawa sau biyu, kuma da zarar fulawa ta shiga sai ta ajiye muciya ta koma juyawa a hankali da babban cokali. Ba ta taɓa ambaton wannan ba, alhali a nan laushin kek yake. Na biyar, a gwada a gida aƙalla sau uku, a riƙa sauya abu ɗaya kacal a kowane gwaji, domin idan aka sauya biyu ba za a san wanda ya gyara ko ya ɓata ba. Na shida, a rubuta sunan mai girkin da garinta a saman takarda, saboda jikoki su san daga inda abin ya fito.

Awon kek da yadda ake haɗa shi

Na raba awon mahaifiyata biyu domin ya dace da kwanon gashi mai zurfi, mai faɗin santimita 20. Kayan haɗin su ne: fulawa zalla giram 250, bota giram 250, sukari giram 210, ƙwai matsakaita 5 waɗanda za su ba da kusan giram 250 bayan an fasa, bekin foda ƙaramin cokali ɗaya da rabi, garin gyaɗar ƙamshi rabin ƙaramin cokali, gishiri ɗan kaɗan, da madara babban cokali 2.

A fitar da bota da ƙwai daga firji tun da wuri. A gida zafin gari ke tausasa bota ba tare da an nema ba, amma a ɗakin girkin Ingila lokacin hunturu takan yi tauri kamar sabulu. Ana so ta yi laushin da yatsa zai nutse a ciki, ba ta narke ba. A zaɓi bota ta gaske, mai kitse kashi 80 cikin ɗari ko fiye, domin irin waɗanda aka rage wa maiƙo ruwa ya yi musu yawa. Idan an manta da ƙwai a firji, a sa su a ruwan ɗumi na minti goma.

A kunna oben ya yi zafi tun kafin a fara kwaɓi: digiri 170 na Salshiyas, ko 150 idan mai fanka ne, ko lamba 3 a na gas. Mazauna Amurka su sa kusan 340 na Farenhait. A shafe kwanon gashi da bota, a shimfiɗa takardar gashi a gindinsa. Kada a yi sha'awar gasawa a tsofaffin gwangwanayen abinci don tunawa da gida, domin na yanzu akan shafa musu wani rufi a ciki wanda ba don shiga wuta aka yi shi ba.

A buga bota da sukari har su yi fari su yi sauƙi, minti biyar zuwa bakwai da na'ura, ko kusan rubu'in awa da muciya. Wannan duka shi ke cusa ƙananan kumfan iska a cikin bota, su ne kuma bekin foda za ta faɗaɗa a cikin wuta. Sai a riƙa fasa ƙwai ɗaya bayan ɗaya, a buga kowanne ya ɓace kafin a sa na gaba. Idan kwaɓin ya fara tsinkewa kamar nonon da ya barke, a zuba cokali guda na fulawa, zai haɗe.

A tankaɗe fulawa tare da bekin foda da gyaɗar ƙamshi da gishiri, a zuba ta kashi uku, ana juyawa daga ƙasa zuwa sama a hankali. Da zarar fulawa ta ɓace a tsaya, domin yawan juyi yana tayar da danƙon alkama, kek ya yi tauri. A ƙara madara. Alamar Inna ita ce, idan aka ɗebo kwaɓin a cokali aka karkata, ya faɗo da kansa a hankali, bai zuba kamar kunu ba, bai kuma maƙale ba.

A zuba a kwano, a baje, a sa a tsakiyar oben. Zai ɗauki awa ɗaya zuwa awa ɗaya da minti goma. Kada a buɗe ƙofa kafin minti arba'in da biyar, domin iska mai sanyi tana rusa kek ɗin da bai ƙanƙame ba. Idan sama ya yi ja da wuri, a ɗora masa takardar gashi. A soka tsinke a tsakiya, idan ya fito ba kwaɓi a jikinsa, ya gasu. A bar shi minti goma a kwano kafin a juye, kuma kada a yanka sai ya huce. Mai son ƙanana irin na rabon biki ta gasa a digiri 180, ko 160 da fanka, na kimanin minti 20.

Gireba

Da yake mun riga mun zaunar da Inna, ban bar ta ta tashi ba sai da ta yi mana gireba. Awon da muka samu shi ne fulawa giram 500, sukarin da aka niƙa ya yi laushi giram 175, man gyaɗa mililita 230, gishiri kaɗan, da riɗi na barbaɗawa. Ana haɗa fulawa da sukari, a riƙa zuba mai ana murzawa da tafin hannu har ya zama kamar jiƙaƙƙen yashi, wanda idan an dunƙula yake riƙe kansa. Idan ya ƙi dunƙuluwa, a yayyafa ruwa cokali ɗaya ko biyu. Sai a danna a ƙaramin ludayi, a kife a faranti, a barbaɗa riɗi, a gasa a digiri 160 na minti 20 zuwa 25. Ba a barin ta ta yi ja sosai, kuma ba a taɓa ta da zafi, domin a lokacin takan farfashe. Idan akwai mai rashin jituwa da gyaɗa ko riɗi a cikin waɗanda za a raba wa, kamar yadda ake samu a tsakanin yaran nan, a yi da wani mai, a bar riɗin, a kuma sanar da mutane abin da ke ciki.

Kula da halal

Kayan kek na nan suna buƙatar a karanta jikin kwalinsu. Ruwan banila da ake sayarwa galibi da barasa ake tatso shi, har dokar Amurka ta ƙayyade cewa wanda ake kira tsantsa kada barasarsa ta gaza kashi 35 cikin ɗari. Malamai sun yi saɓani kan ɗan abin da ke shiga girki ya ɓace, kuma kowa ya tambayi malamin da ya amince da shi. Ni dai na zaɓi hanyar da ba ta da shakka: garin banila, ko sandarta, ko wanda aka rubuta cewa babu barasa a ciki. Haka kuma a lura da jelatin a kayan ƙawata kek, domin sau da yawa daga alade ake samo shi, da jar kalar nan mai lamba E120 wadda ake yi daga wani ƙwaro. Wani daɗin girkin iyayenmu shi ne bai buƙatar ko ɗaya daga cikin waɗannan. Gyaɗar ƙamshi da girfa da ɓawon lemo sun wadatar.

Abin da ya biyo baya

A gwaji na uku kek ɗin ya fito. Da ƙamshinsa ya cika gida sai da na zauna, domin ya mai da ni tsakar gidanmu ranar jajibirin biki. Na nuna wa Inna ta waya, ta ce in yanka ta ga cikinsa. Ta duba ta ce, “To, yanzu kin zama 'yar uwarki.” Mun yi guda ɗari biyu ƙanana da gireba, ni da wasu 'yan uwa mata na ƙungiyarmu, aka kai gidan amarya tare da sauran kayan gara. Kafin 'yata ta tare, na sa ta yi shi da hannunta sau biyu, ta kuma kwafe awon a littafinta da Hausa, da sunan kakarta a sama.

Alkaki da nakiya suna nan ban karɓa ba tukuna, kuma Inna ta fara kukan ciwon gwiwa, tsayuwa na yi mata wuya. Mun sa rana a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu. Ina roƙon duk wanda ke da uwa ko gwaggo ko kaka da ke raye, namiji ne ko mace, kada ya jira sai biki ya matso kamar yadda na yi. A sayi sikeli, a kira ta a wannan makon, a roƙe ta ta yi girkin a gabanku, a auna, a rubuta. Wadda ta samu awon alkaki ko dubulan da ta gwada ya yi, ta kawo mana ranar taronmu na wata mu koya tare.

Allah Ya jiƙan iyayenmu da suka riga mu, Ya ƙara wa waɗanda ke raye lafiya, Ya albarkaci zuri'armu a duk ƙasar da suke.